Zafin Nama: Horon Tsalle da Wasan Badminton

A ƙasar Zazzau ta arewa, wajen Kudan da Hunƙuyi da Maƙarfi har zuwa Ikara, in kaka ta yi, an kawar da amfanin gona, farin wata kuma ya fito, yara maza sukan taru a dandali su yi langa. Kowa ya naɗe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya dinga tsalle da ɗayar. A rabu gida biyu, kowane gida ya fid da ruwansa, watau wanda ake so ya kutsa ya kai wurin sha, sauran kuwa su tsare shi, su yi ta ture abokan karawa. Wanda ya faɗi, ko ya saki ƙafarsa, ya fita ke nan.

Wanda ya saba kallon langa ya san wani abu game da ita. Sau da yawa ƙaton yaro, wanda ke iya ɗaukar damin rake shi kaɗai, shi ne ke fara faɗuwa. Wanda ke shan ruwa kuwa, sai a ga wani ɗan siriri ne, wanda ƙafarsa ba ta daɗewa a ƙasa. Da ta taɓa ƙasa ta tashi. In aka nufo shi ta dama ya goce hagu, kafin mai turin ya juyo har ya wuce. Wannan baiwa ita Hausawa ke kira zafin nama. Dabam take da ƙarfi, dabam kuma take da gudu, ko da yake tana da dangantaka da su duka biyu. Zafin nama shi ne mutum ya iya tashi farat ɗaya, ya tsaya cak, ya sauya hanya ba tare da ya yi tangaɗi ba.

A cikin wasannin duniya da wuya a sami wanda ya fi badminton bukatar zafin nama.

Asalin wasan tsoho ne, gama tun da daɗewa yara a Turai da Asiya suke buga ƙwallon gashin tsuntsu sama da 'yan allunan katako, don kada ya faɗo ƙasa. Amma irin wanda ake yi yanzu, mai raga a tsakani, hafsoshin sojan Ingila ne suka raya shi a garin Puna na ƙasar Indiya, wajen shekarun 1860 zuwa 1870. Da suka koma gida suka tafi da shi, sai aka laƙaba masa sunan wani babban gidan sarauta na Ingila da ake kira Badminton. A shekarar 1893 aka kafa ƙungiyar wasan a Ingila, a 1934 aka kafa ta duniya, a 1992 kuma, a birnin Barsalona, aka fara ba da lambobin yabo dominsa a wasannin Olimfik. Mutanen Sin da Indonesiya da Maleshiya da Koriya da Japan da Indiya sun yi fice a cikinsa ƙwarai. A Turai kuwa Denmak ce ta daɗe tana kan gaba.

Filin wasan ƙarami ne. Tsawonsa ƙafa 44, watau mita 13.4, faɗinsa ƙafa 20 in mutum biyu-biyu ne ke karawa, ƙafa 17 in ɗaya-ɗaya ne. Ana ɗaura raga a tsakiya, tsayinta daga ƙasa ƙafa 5 a tsakiyarta. Abin bugun, wanda ake kira raket, kamar ƙaramin matankaɗi yake mai doguwar ƙota, nauyinsa bai cika kai giram 100 ba. Ƙwallon kuwa abin kallo ne. Gashin dinya ko na agwagwa guda 16 ake kafawa a kewaye a jikin wani ɗan icce mai laushi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Nauyinsa kamar giram 5 ne, watau kamar sukarin da ƙaramin cokalin shayi ke ɗauka. Dokar wasan ita ce kada ƙwallon ya taɓa ƙasa a gefen mutum ko sau ɗaya. Wannan ya sa ba shi da jinkirin da mai wasan tanis ke samu, wanda aka yardar masa ƙwallo ya yi tsalle ɗaya kafin ya buga.

Duk da rashin nauyinsa, babu ƙwallon da ake bugawa da raket da ya kai shi saurin tashi. A shekarar 2023 an auna bugun wani ɗan wasan Indiya mai suna Satwiksairaj Rankireddy a ɗakin gwaji, aka ga ƙwallon ya bar raket da gudun kilomita 565 a awa ɗaya. Motar da ke sharara gudu a hanyar Zariya zuwa Kano, in tana cin kilomita 100 a awa, wannan ya ninka ta fiye da sau biyar. Amma fa gashin nan yana tare iska, saboda haka nan da nan gudun ke raguwa, ƙwallon ya faɗo kusan a tsaye. Ga shi da saurin zuwa, ga shi da saurin mutuwa. Mai tsaron gida ba ya samun ko rabin sakan kafin bugu mai ƙarfi ya iso gare shi, in kuma abokin karawa ya yaudare shi ya ɗan taɓa ƙwallon a hankali, sai ya faɗo dab da raga, nesa da inda yake tsaye.

To, a duba lissafin. A wasan ɗaya-ɗaya, gefen kowane mutum ƙafa 22 ne a tsaye, ƙafa 17 a kwance. In ya tsaya a tsakiya, tsakaninsa da kowace kusurwa bai wuce kamar ƙafa 14 ba, watau taki biyu ko uku. Gwanin tseren mita 100 sai ya ci kusan rabin hanya kafin gudunsa ya cika. Ɗan badminton kuwa ba ya taɓa kaiwa ga cikar gudu. Aikinsa duka tashi ne da tsayawa da komowa: ya zabura gaba, ya miƙa ƙafa ɗaya ya durƙusa a kanta ya ɗauke ƙwallo daga bakin raga, ya tokari ƙasa ya komo da baya, ya yi tsalle ya sauke bugu, ya dira, ya sake zabura gefe. Kowace musanya takan ɗauki 'yan sakan kaɗan ne, amma ana yin ta sau da dama ƙwarai kafin a tashi. Saboda haka wanda ya riga ɗan'uwansa ɗaga ƙafa, ko da da ƙiftawar ido ne, shi ke samun ƙwallo tun yana sama, ya buga shi inda ya ga dama. Wanda ya makara kuwa sai ya tsince shi a ƙasa-ƙasa, ya ɗaga shi sama ala tilas, ya ba abokin karawa dama ya sauke masa.

Akwai wata 'yar dabara da ƙwararru ke yi wadda idon baƙo ba ya kamawa. Daidai lokacin da abokin karawa zai bugi ƙwallo, sai su ɗan yi tsalle kaɗan a inda suke, su dira a kan ƙafa biyu a ware, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Da dirarsu sai su zabura wajen da ƙwallon ya nufa. Wanda bai sani ba sai ya ce ɓata lokaci ne, don me mai sauri zai fara da tsalle a wuri ɗaya? Amsar tana cikin yadda Allah ya halicci ƙafar ɗan Adam.

Naman jiki mai motsa gaɓoɓi shi ake kira tsoka. Tsoka ba ta manne da ƙashi kai tsaye a yawancin wurare, sai ta hanyar wata jijiya fara mai tauri. Mafi girma da ƙarfi a cikin irin waɗannan jijiyoyi ita ce agara, wadda ta haɗa tsokar sha-raɓa da dunduniya. Kowane yaro yana iya shafa tasa ya ji. Wannan jijiya tana da halin danƙo. In aka ja ta sai ta ɗan miƙe ta ajiye ƙarfin da aka ja ta da shi, in aka sake ta nan take sai ta mayar da shi. Haka maharbi ke yi da baka: ya ja tsirkiya baya, iccen ya tanƙwaru, da ya saki sai kibiya ta tafi. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, kuma a nan karin maganar ya faɗa daidai, gama jikin mutum ma sai ya ɗan yi ƙasa kafin ya yi sama da ƙarfi. Fara ma da irin wannan hikima take tsalle. Takan naɗe ƙafafunta na baya ta ɗaure ƙarfi a gwiwa, sa'an nan ta sake shi gaba ɗaya, shi ya sa kama ta da hannu ke ba yara wuya.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ƙafa da baka. Maharbi yana iya jan tsirkiya ya riƙe, ya yi ta saiti, ƙarfin bakan yana nan. Ƙafa ba haka take ba. In mutum ya yi ƙasa ya tsaya jim kaɗan, abin da aka ajiye sai ya zube, ya zama ɗumi a cikin nama, ba ya komowa. Sai an yi ƙasa an taso nan take ake cin moriyarsa.

Bayan wannan kuma akwai taimako na biyu. A cikin tsoka akwai waɗansu 'yan ƙananan masu tsaro, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. In aka miƙar da tsoka farat ɗaya, sai su aika da saƙo zuwa laka, watau farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, laka kuma ta mayar da umurni tsokar ta tsuke, tun ƙwaƙwalwa ba ta san abin da ake ciki ba. Shi ne abin da likita ke gwadawa in ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwar mutum da 'yar guduma, ƙafar ta harba da kanta. To, ɗan tsallen nan na 'yan badminton ɗana tarko ne. Dirar tana miƙar da agara da tsokoki, tana ta da masu tsaron nan, sai takin farko ya fita da ƙarfin da ba zai samu ba in daga tsaye ƙiƙam aka tashi.

Ana iya gwada wannan a makaranta ba da kashe ko kwabo ba. Yaro ya shafa alli a yatsunsa, ya tsaya kusa da bango da hannu ɗaya a ɗage. Da farko ya ɗan tsuguna, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, sa'an nan ya yi tsalle ya taɓa bango. Ya huta. Karo na biyu ya fara daga tsaye, ya yi ƙasa da sauri ya taso nan take ya taɓa bango. In aka duba, galibi za a ga shaidar ta biyu ta ɗara ta farko da kamar inci ɗaya, ko fiye. Yaron ɗaya ne, ƙafar ɗaya ce, abin da ya bambanta kawai shi ne jinkirin da aka yi a ƙasa.

Tun da daɗewa masu wasanni suke tsalle-tsalle don ƙarfafa ƙafa, amma wanda ya fara zama ya tsara abin bisa ilimi wani malami ne na ƙasar Rasha, a zamanin Tarayyar Sobiyet, mai suna Yuri Verkhoshansky. Yana horad da masu tsalle a birnin Mosko a ƙarshen shekarun 1950, sai ya lura da cewa a cikin masu tsallen nan mai taki uku, waɗanda suka fi nisa su ne waɗanda ƙafarsu ba ta daɗewa a ƙasa tsakanin taki da taki. Sai ya ƙago wani horo. Ɗan wasa ya hau akwati, ya sako kansa ƙasa, da ya dira ya tashi sama nan take iyakar ƙarfinsa. Akwatunan da ya yi wa manyan gwanaye aiki da su sukan kai tsayin santimita 75 har fiye da mita ɗaya. Da ɗan tseren Sobiyet Valeriy Borzov ya cinye tseren mita 100 da na mita 200 a wasannin Olimfik na birnin Munik a 1972, sai masu horo na sauran ƙasashe suka shiga binciken irin horon da ake yi a can. A 1975 wani Ba'amurke mai suna Fred Wilt ya yaɗa sunan da Turawa ke kiran wannan horo da shi har yau, watau filayometirik. Da Hausa ya isa a ce horon tsalle, muddin an tuna ba kowane tsalle ake nufi ba, sai wanda ake dira a tashi nan take. A irinsa mai sauri, ƙafa ba ta wuce rubu'in sakan a ƙasa.

Masana sun yi ta gwada wannan horo a kan matasa masu wasanni iri-iri, har da 'yan badminton. Yadda sukan yi shi ne su raba 'yan wasa kashi biyu, dukansu su ci gaba da wasansu, amma kashi ɗaya a ƙara musu horon tsalle sau biyu ko uku a mako, har mako shida ko takwas. Kafin a fara da bayan an gama, a auna kowa da agogo yana zagaya kusurwoyin fili. Abin da aka fi samu shi ne waɗanda aka ƙara wa tsalle sun fi ƙaruwa a tsayin tsalle da saurin sauya hanya. Dalili kuwa, jijiyoyinsu sun ƙara ƙwari, saƙo tsakanin laka da tsoka ya ƙara sauri da daidaito, sun kuma koyi taka burki, wanda shi ne rabin zafin nama. Mai iya tsayawa da taki ɗaya ya riga mai tsayawa da taki uku komowa tsakiya.

Amma magani mai ƙarfi shi ya fi bukatar awo. Duk sa'ad da mutum ya diro daga sama, ƙafafunsa suna karɓar nauyin da ya ninka na jikinsa sau da yawa. Akwatin nan na Verkhoshansky na manya ne waɗanda suka shekara suna ɗaga ƙarfe, ba na 'yan firamare ba. Yaron da ya ji labari ya je ya hau katanga ko bayan amalanke yana dirowa, targaɗe yake nema, ko abin da ya fi targaɗe. Ƙasusuwan yaro ba su gama ƙosawa ba. Kusa da gaɓoɓi akwai wurare masu taushi inda ƙashi ke ƙara tsawo, in aka matsa musu sai su yi ciwo. Shi ya sa yara masu yawan tsalle, tsakanin shekara 10 zuwa 15, sukan yi kukan ciwo a ɗan tudun nan da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko a dunduniya. In haka ta faru sai a dakata, a huta, in ciwon ya ƙi tafiya a je asibiti. Cije haƙori a ci gaba ba jarumtaka ba ce.

Saboda haka malamin kirki da dira yake farawa, kafin tashi. Yaro ya yi ɗan tsalle ya dira a kan gaban tafin ƙafa, dunduniya ta biyo baya a hankali, gwiwoyi su lanƙwashe, ƙugu ya ɗan koma baya kamar mai shirin zama a kujera. Gwiwoyin su fuskanci inda yatsun ƙafa suka fuskanta, kada su karkato ciki su nemi haɗuwa. Wannan karkatowa ita ce babbar hanyar tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, raunin da kan raba ɗan wasa da fili wata da watanni. An lura 'yan mata, bayan sun fara girma, sun fi samari saurin samun wannan rauni, an kuma ga koyon dira daidai yana rage shi ƙwarai. Malami yana iya gane mai dira daidai ko da ya juya baya, da kunne kawai. Wanda ya iya, kamar kyanwa yake sauka, ba a jin motsinsa. Wanda bai iya ba sai a ji tim, kamar an ya da buhun masara.

In dira ta zauna, sai a shiga tsallen igiya, wanda 'yan mata suka riga maza ƙwarewa a kansa. Daga nan a ja layi a ƙasa, ko a ajiye karan dawa, a dinga tsallake shi gaba da baya, sa'an nan dama da hagu, da ƙafa biyu a haɗe. Tsallen gefe ya fi kowanne amfani ga ɗan badminton, gama yawancin tafiyarsa a karkace take. Bayan mako biyu ko uku a koma yi da ƙafa ɗaya, a kuma gwada dogon taki irin na barewa, daga wannan ƙafa zuwa waccan, a tsaya cak a kan kowace dira. Da rarrafe yaro kan tashi.

Yawan da ya dace da yaro kaɗan ne, har yakan ba mutane mamaki. Tsalle shida zuwa goma a jere, a huta sosai, a sake sau ɗaya ko sau biyu, sa'an nan a koma wani iri. Kwana biyu a mako ya isa, kuma kada kwanakin su zama a jere, domin a lokacin hutu ne jijiya ke gyaruwa ta ƙara ƙwari. A fara da ɗan sassarfa har jiki ya yi ɗumi. A yi tsallen tun da sauran ƙarfi, a farkon wasa, gama gajiyayyen yaro ba ya dira daidai, kuma da zarar tsalle ya fara nauyi amfaninsa ya ƙare. Wuri ma abin dubawa ne. Daɓen siminti ya cika tauri, yana cin gwiwa. Rairayi mai zurfi kuwa yana shanye ƙarfin, ƙafa ta nutse ta daɗe, ko da yake yana da kyau ga mai koyon dira. Abin da ya fi shi ne ƙasa mai ɗan laushi, shimfiɗaɗɗiya, ko ciyawa gajera, a share tsakuwa da ƙaya da fasassun kwalabe. Da bazara, sa'ad da zafi ya tsananta a watan Maris da Afrilu, sai a yi da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa.

A nan ne za a ga yaran ƙasar Kudan ba baƙin wannan horo ba ne. Langa tsalle ce da ƙafa ɗaya, mai saurin dira da tashi, ga gocewa, ga tsayawa da ƙafa in an yi karo. 'Yar gala-gala da 'yan mata ke yi, suna tsallake gidajen da aka zana a ƙasa, ita ma haka. Har langa tana da abin da akwatin Rasha ba shi da shi, watau abokin karawa mai rai wanda ba a san inda zai ɓullo ba. Ba banza ba aka sa ta cikin wasannin gargajiya da jihohi ke karawa a kansu a bikin wasanni na ƙasa, tare da dambe da kokawa. Aibinta ɗaya ne: kowane yaro yana da ƙafar da ya fi so, da ita yake langa kullum, ɗayar tana rataye. Badminton ma tana da wannan hali, gama mai bugu da dama da ƙafar dama yake durƙusawa a bakin raga, har cinyarsa ta dama takan fi ta hagu kauri. In aka haɗa biyun ba a lura ba, sai ƙafa ɗaya ta bar 'yar'uwarta a baya, raunin kuwa wajen mai rauni yake bi. Maganin abin mai sauƙi ne, a riƙa sauya ƙafa, a ba raggon ƙafar rabonta har da ƙari.

Sai dai ƙafa ba ta tafiya sai ido ya nuna mata hanya. Zafin nama kashi biyu ne, na jiki da na gani. Tsakanin ido ya ga abu da jiki ya motsa akwai kamar kashi ɗaya cikin biyar na sakan, wannan kuwa horo ba ya rage shi da yawa. Abin da gwanaye ke yi shi ne su karanci abokin karawa tun bai buga ba. Suna duban kafaɗarsa da gwiwar hannunsa da yadda ya karkata raket, su san inda ƙwallo zai bi. Horon tsalle ba ya koyar da wannan. Don haka masu horo sukan haɗa da wani wasa da ake yi ba ƙwallo. Yaro ya tsaya a tsakiyar fili da raket, ko da sanda ma, malami ya tsaya a gabansa yana nuna kusurwa da hannu ba tare da tsari ba. Yaro ya yi ɗan tsallen nan, ya zabura can, ya yi kamar ya buga, ya komo. Sauran karatun kuma sai a fili, da yawan karawa da mutane iri-iri.

Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarfi a wannan wasa a Afirka. A Abuja aka fara sa badminton cikin wasannin Afirka, a 2003. Anuoluwapo Opeyori ya ci lambar zinariya ta maza a wasannin Afirka na 2019 a Maroko, ya sake ci a waɗanda aka yi a Gana a 2024, ya kuma wakilci ƙasar a Olimfik na Tokiyo da na Faris. A Faris ɗin kuma, a wasannin naƙasassu na 2024, wata budurwa mai suna Mariam Eniola Bolaji ta ci lambar tagulla. Ita ce ta fara kawo wa nahiyar Afirka duka lambar yabo ta badminton a irin waɗannan manyan wasanni. A kusa da gida kuma, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, tana da sashen da ake koyar da ilimin motsa jiki da lafiya, inda ake horad da malaman wasanni, kuma daga Hunƙuyi zuwa can ba wata tafiya ba ce.

Gaskiya ne wasan yana da tsada ga ɗan ƙauye. Ƙwallon gashi ba ya jure bugu, a manyan gasa akan sauya da dama kafin a gama karawa ɗaya. Na roba ya fi araha da ƙarko, da shi makarantu suka fi koyo. Babbar matsala kuwa iska ce. Abin da nauyinsa bai wuce giram 5 ba, ko 'yar iskar la'asar tana karkatar da shi, balle ta hunturu mai zuwa da ƙura daga arewa maso gabas. Shi ya sa ake yin gasa a cikin babban ɗaki mai dogon rufi. A 2019 ƙungiyar badminton ta duniya ta fito da wani salon wasan na waje, mai ƙwallon roba da ya fi jure iska, amma inda ba a samu ba, sai a kafa raga a lungun da gini ya tare iska, a yi wasa da sanyin safiya kafin ta taso.

Horon ƙafa kuwa ba ya jiran raket, ba ya jiran ɗaki, ba ruwansa da iska. Makarantar da ke da raket huɗu da yara arba'in tana iya sa huɗu a fili, sauran suna igiya da tsallake kara har layi ya zo kansu. In malami yana so ya san ko aikin yana ci, sai ya zana rabin fili a ƙasa, ƙafa 22 da ƙafa 17, ya ajiye dutse a kowace kusurwa. Yaro ya tashi daga tsakiya ya taɓa dutse, ya komo tsakiya, ya tafi na gaba, har ya gama huɗun, fuskarsa tana duban raga koyaushe. A auna da agogon waya, a rubuta a littafi tare da tsayin shaidar allinsa a bango. Bayan mako takwas a sake aunawa a wuri ɗaya, da irin takalmin da ya sa da farko, a kuma gwada kowane yaro da lissafinsa na baya, ba da na ɗan'uwansa ba, gama yara ba sa girma tare. In aka yi dogon hutu aka bar horon ɗungum, abin da aka samu yakan fara zubewa cikin 'yan makonni. Yini ɗaya a mako yakan taimaka wajen riƙe shi har a komo makaranta.